Na sake zana GMAT bayan kwana 16, maki ya ragu

Ranar da na fito daga ɗakin jarabawar GMAT a Abuja, wato jarabawar da makarantu suke nema daga masu son yin MBA, digiri na biyu a fannin kasuwanci, ba abin da yake yawo a kaina sai maki 615. Kana gama tambayar ƙarshe makin yake bayyana a allon kwamfuta, ko numfashi ba a bari ka ja ba, kawai sai ka ga abin da tashin daren wata huɗu ya haifa maka. Ni kuwa 645 na ƙulla a raina, don a sabon tsarin GMAT da aka fara a watan Nuwamba na 2023 shi ne daidai da 700 na tsohon tsari, lambar da masu neman MBA suke rantsuwa da ita. Tsohon daga 200 zuwa 800 yake, sabon kuma daga 205 zuwa 805, shi yasa in ka ga maki ya ƙare da 5 to na sabon ne. Wani abokina da na faɗa wa 615 har ya fara min jaje kamar an yi min rasuwa, ashe da tsohon mudu yake awo.

Kafin jirgin ƙasa ya bar tashar Idu ta Abuja na riga na yanke hukunci, sakewa zan yi. Kafin mu iso Rigasa kuwa har na duba ƙa'idar a waya, sai an yi kwana 16 tsakani, kuma ba a wuce sau 5 cikin wata 12. Na ƙirga kwana 16 cif na ɗauki rana. Ban yi shawara da kowa ba, ko matata sai da na biya kuɗin ta ji. Kuɗin kuma ba na wasa ba ne, kusan dala 300, a 2024 lokacin da dala ta haye naira 1,500, ga katin naira ba ya biyan komai a waje a lokacin, sai da na je kasuwar canji ta Wapa na sayi dalar na zuba a asusuna na dala sannan aka yi. Sama da dubu 400 kenan, banda kuɗin mota daga Kano da tikitin jirgi da masauki.

Abin da na yi a kwanakin nan ni kaina yanzu dariya yake bani. Littafin da na karanta shi na sake buɗewa, tambayoyin da na yi su na sake yi, na koma kan jarabawar gwajin nan ta kyauta da masu GMAT ɗin suke bayarwa guda biyu a shafinsu na sake zana ta farko, na ci 675, na ce ai shikenan an gama. Alhali rabin tambayoyin na taɓa ganinsu, wasu ma ina hango farkonsu nake tuna amsar. Kaina kawai nake yaudara, kuma can ƙasan zuciyata na sani.

Na koma Abuja na ci 605.

Sai a sannan na je wajen tsohon ogana na banki, wanda ya yi nasa MBA ɗin a Ingila shekaru da suka wuce. Na zayyana masa komai ina jiran ya ce in ƙara haƙuri in sake. Sai ya ce, "Malam, kafin ka zana ta farko, nawa kake ci a gwajin da ba ka taɓa gani ba?" Na ce ranka ya daɗe, 605 da 625. Ya yi murmushi ya ce, "To wa ya cuce ka? Abin da ka shuka shi ka girba ai."

Wlh maganar ta min zafi amma gaskiya ce. Ni a raina na ɗauki 615 a matsayin tsautsayi, kamar ranar ce ba ta zo min da sa'a ba, ashe ainihin matsayina ne. Wanda ya dace ya yi saurin sakewa shi ne wanda yake cin 665 a gida ya je ya ci 605 saboda zazzaɓi ko rashin barci ko firgici, shi kam karatun yana kansa, ranar ce ta ɓaci. Amma wanda ya ci daidai abin da ya saba ci, ko ya koma sau biyar a nan zai yi ta shawagi, yau sama da goma gobe ƙasa da goma, yana ta kai wa Wapa kuɗinsa.

Oga ya sa na buɗe cikakken sakamakon a gabansa, wanda ni lambar saman kawai na kalla na rufe. Jarabawar kashi uku ce, kowanne minti 45: lissafi tambaya 21, Turanci da auna hujja tambaya 23, sai nazarin bayanai tambaya 20, wato teburori da zane-zanen alƙaluma da shafuka biyu uku da za ka haɗa kafin ka ba da amsa ɗaya. Lissafina lafiya lau, Turanci ba laifi. Nazarin bayanan nan ne ya kashe ni duka sau biyun, kuma ga shi ƙarara a rahoton, ina ɓata minti huɗu biyar a kan tambayoyin farko saboda taurin kai, wai ni ma'aikacin banki tebur ba zai gagare ni ba, sai in wayi gari saura minti uku da tambaya biyar in yi ta canki-canka. Ga shi ana ba ka zaɓin wanda za ka fara da shi, ni kuma kullum a ƙarshe nake ajiye shi, lokacin da ƙwaƙwalwa ta riga ta dahu. Har damar komawa ka canza amsa uku a kowane kashi akwai, ban taɓa amfani da ita ba don lokaci bai taɓa rage min ba.

Sannan ya tambaye ni ina rubutun neman gurbin, na ce ban fara ba. Wa zai rubuta min wasiƙar shaida, na ce ai kai ne ranka ya daɗe. Ya ce yau ya fara ji. Muna tsakiyar Agusta, yawancin makarantun da nake so a Satumba suke rufe zagayen farko. Nan ne na ga asarar da ta fi ta dalar, kwana 16 ɗin nan da sati guda na zaman takaici bayansu duk daga lokacin rubutun na sato su.

Ya kuma nuna min abin da ban taɓa lura da shi ba a shafukan makarantun. Ni matsakaicin makin ajin nake kallo kamar katanga, in ban haura ba ba shiga. Amma matsakaici ai ma'anarsa akwai jama'a da yawa a ƙasansa suna zaune a ajin, kuma makarantu da dama suna wallafa tazarar da kashi 80 na ɗalibansu suke ciki. Da 615 ɗina ina cikin tazarar biyu daga makarantu huɗun da na zaɓa. Ya ce in shiga kawai nake nema, in rufe littafin nan in je in yi rubutu.

Matsalar ita ce ni ba shiga kawai nake nema ba, sikolashif nake nema, in babu shi ko an ɗauke ni ba inda zan je. Kuma maki yana cikin abubuwan da ake dubawa wajen rabon tallafin. Wannan ne kaɗai dalilin da na iya kallon idon matata na faɗa ba tare da kunya ba, sauran duk girman kai ne da son in ce na ci 700 a majalisa. Na ɗan leƙa GRE ma, wata jarabawar makamanciyar GMAT, tunda yawancin makarantun suna karɓa, kalmomin Turancin da na gani a gwaji ɗaya suka koro ni.

Sai na haƙura da Satumba na nufi zagaye na biyu na Janairu. Na uku kam ban ma yi tunaninsa ba, lokacin an kusa gama rabon kuɗin ga kuma biza a gaba. Na sa wa kaina doka, ba zan sake taka Wapa ba sai na ci 645 sau biyu a gwajin da ban taɓa gani ba. Na sayi sababbin gwaji na adana su kamar kayan sallah. Na samu littafin rubutu ina rubuta duk tambayar da na faɗi da dalilin faɗuwar, rashin sani ne ko gaggawa ko ban karanta tambayar da kyau ba, kuma abin kunya na ukun ne ya fi yawa. Na koyi sakin tambaya in ta wuce minti biyu da rabi, wanda ya fi min komai wahala. Na mayar da nazarin bayanai farko. Asabar da Lahadi kuma na ware su don rubutun, ko GMAT ya yi kuka ba na taɓa shi.

Sati goma ana haka. Na ci 645 da 655 a gida, na biya, na je a Nuwamba na ci 635.

Na zauna a tashar Idu ina ƙirga kwana 16 da yatsa, wallahi sai da na ƙirga. Na kira matata ta ce, "Abban Ummi, dawo gida don Allah." Na dawo. 635 ɗin na tura, tunda yanzu sai ka ga maki kake zaɓar wanda za a aika wa makaranta, kuma yana aiki har shekara 5.

Biyu sun ƙi ni, ɗaya ta ajiye ni a layin jira, ɗaya ta kira ni intabiyu. Minti arba'in muka yi da mutumin ta bidiyo, kusan rabinsu a kan bashin da muka taɓa ba wa masu casar shinkafa a Kura da yadda muka karɓo shi da ƙyar, labarin da sai a rubutu na huɗu ma na tuna da shi na saka. Ko sau ɗaya bai ambaci GMAT ba. Ni kuma na so ya tambaya fa, don har amsa na haddace a kan yadda na tashi daga 615 zuwa 635.