Abin da tsiron shinkafa da na gyaɗa ke koya wa ɗalibi

Yawancin ɗaliban kimiyyar halittu a sakandarenmu na Kebbi sun haddace cewa ƙwayar halitta gulukos take ƙonawa, shi ke nan. Gwaji ɗaya da shinkafar Argungu da gyaɗa ya isa ya warware wannan hadda.

A jiƙa irin har ya fara tsiro. A auna giram 5 a zuba a kwalbar gwaji, a sa sodalaim a ƙasa, da auduga a tsakani don kada ya taɓa irin. Sodalaim ɗin shi ke shanye iskar kabon dayoksaid. A toshe bakin da roba mai siririn bututu, da ɗigon ruwa mai launi a cikinsa. Tafiyar da ɗigon ya yi cikin minti 10 ita ce oksijin da aka sha. Sai a cire sodalaim a maimaita. A ce da farko ya yi milimita 30, na biyu 9: bambancinsu, 21, shi ne kabon dayoksaid da irin ya fitar, a raba da 30, a sami 0.7. Wannan adadi shi ake kira RQ, wato kabon dayoksaid da aka fitar a raba da oksijin da aka sha.

Shinkafa sitaci ce, RQ ɗinta yana kusa da 1.0. Gyaɗa mai ne ya cika ta, kuma mai yana da haidirojin da yawa, oksijin kaɗan, don haka sai ya jawo oksijin mai yawa daga waje. RQ ɗin gyaɗa yakan sauka 0.7, har ƙasa da haka, saboda tsiron yana mayar da wani man zuwa sukari. Ladan wahalar kuwa, giram ɗaya na mai yana ba da kilojul 37, na sitaci 17. RQ ɗin furotin yana tsakiya, wajen 0.8 zuwa 0.9, bayan an cire masa naitirojin.

Inda gwajin ke ɓaci shi ne zafi. A ranar Afrilu ta Birnin Kebbi, ko riƙe kwalbar da hannu kan kumbura iskar ciki, ɗigon ya koma baya. A nutsa kwalbar cikin ruwa mai ɗumi ɗaya, a ajiye wata a gefe da dafaffen iri don kwatanci, a shafe bakin robar da basilin. Shinkafa kuma kada a bar ta cikin ruwa tsundum: in oksijin ya yi mata ƙaranci sai ta koma yin tsami, RQ ya haura 1, ɗalibi ya zaci lissafinsa ne ya kuskure.