Karatun rigakafi a ƙasar Jenner

Tun kafin in gama gane layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan aka ce in je in yi rajista da likitan unguwa. A Ingila shi ne ƙofar komai. Babban asibiti sai da takardarsa, in ba gaggawa ba. Ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni ko an yi mini allurar ƙyanda sau biyu ina yaro. Na ce ban da tabbas. Ba ta ja zancen ba, ta ce wanda ba shi da tabbas sake masa ake yi, kyauta. Haka mutumin da ya zo digiri na biyu kan rigakafi ya fara da naɗe hannun riga.

Zangon farko na garkuwar jiki ne, kuma ya ba ni wuya. Ga ƙwayoyin B masu ƙera makaman kariya, ga ƙwayoyin T, ga waɗanda ke riƙe kamannin cuta shekara da shekaru don su gane ta in ta dawo. Ga kuma duhun Disamba, ƙarfe huɗu ba ta cika ba rana ta faɗi, ka fito daga ɗakin gwaji kamar ka kwana a ciki. Malamai kuwa da sunansu tsirara ake kiransu, abin da har yau bakina ke nauyin yi.

Amma darasin tsara manufofi ne ya buɗe mini ƙasar da nake zaune. Nan ne Edward Jenner ya gwada rigakafin agana a 1796, kuma nan ɗin ne dubban mutane suka cika titunan birnin Lesta a 1885 suna adawa da dokar 1853 da ta tilasta yi wa jarirai. Sai da gwamnati ta sassauta a 1898, ta ba iyaye damar ƙi. Bayan shekara ɗari, a 1998, wani likita, Andrew Wakefield, ya wallafa binciken da ya alaƙanta allurar ƙyanda da galahanga. An janye binciken a 2010, an ƙwace lasisinsa, amma tsoron ya riga ya shiga gidaje. Ƙyanda na buƙatar a yi wa kashi 95 cikin ɗari kafin ta rasa hanyar yaɗuwa, kuma a 2019 Birtaniya ta rasa matsayinta na ƙasar da ta kawar da ita. Duk wanda ya ce mini ƙin allura ciwon marasa boko ne, sai in ce ya zo ya karanta tarihin nan.

Abin da na fi so a tsarinsu shi ne kwamitin ƙwararru da ke ba gwamnati shawara, JCVI, yana wallafa bayanan zamansa kowa ya karanta. Kuma ba kowace allura mai aiki suke amincewa da ita ba, sai an auna kuɗi da amfani. Amurka ta fara rigakafin ƙarambau tun 1995. A nan sai 2023 kwamitin ya ba da shawarar a yi wa dukan yara. A ganina sun yi jinkiri, ko da yake wasu 'yan ajinmu na ganin hujjarsu.

Rigakafin tarin fuka kuwa ya shigo har ɗakina. A 2005 suka daina yi wa 'yan makaranta allurarsa, wato BCG, gaba ɗaya, suka koma zaɓen jariran da ke cikin haɗari, ciki har da waɗanda iyayensu ko kakanninsu suka fito daga ƙasar da cutar ta yi yawa. Da matata ta haihu, ungozoma ta tambayi inda aka haife mu, ta sa sunan 'yarmu a jerin. Jaririn maƙwabtanmu Turawa ba a kira shi ba. Matata ta ji abin a ranta, ta ce wato an ware mu ke nan. Na zauna na yi mata lissafin yadda aka koya mana, cewa haɗarin ne ya bambanta, musamman ga yaron da za a riƙa kaiwa ganin dangi. Ta saurara, ta ce to Malam, lissafinka ya fita, amma da ungozomar ce ta yi wannan bayanin tun farko da ya fi.