Haƙori 32 da guntun cen ɗin da na yar

Har yau idan na gifta ta gindin darbejiyar da Baba mai gyaran keke yake zama, sai ya ɗaga mini yatsu huɗu yana dariya. Ƙwayoyin cen huɗu yake nufi, waɗanda na sa shi ya yanke bayan ya ce in dakata.

Kekena na hawan dutse ne, ɗan Beljiyam, mai taya inci 26. Ciyawul, wato farantin haƙoran da feda ke juyawa, uku ne a gaba, masu haƙori 42 da 32 da 22, a baya kuma giya tara, daga haƙori 11 zuwa 34. Ni kuwa babu dutsen da nake hawa. Kano a shimfiɗe take kamar faifai, tudun da na sani bai wuce gadar Ƙofar Nasarawa ba. Ƙaramin ciyawul ɗin ban taɓa taɓa shi ba, giyar gaba kuma kullum a cushe da ƙura, tana gogar cen tana ƙara. Sai na ce a sauke tarkacen nan duka, a bar ciyawul ɗaya tal.

Abin da ya kai ni ya baro shi ne kallon bidiyon Turawa. Kusan duk wanda na gani 32 ko 30 ya ɗaura, ni ma na yi odar 32, irin mai haƙori ɗaya kauri ɗaya siriri, wanda ke riƙe cen kada ya zame. Ban tsaya na tambayi kaina inda suke tuƙa nasu ba. Tsarin nan da kamfanin kayan keke na SRAM ya fito da shi a 2012 don masu hawan duwatsu aka yi shi, da giya 11 a baya, daga haƙori 10 har 42. Damuwarsu hawa ce, tawa kuwa gudu a kan kwalta.

Ranar ɗaurawa, Baba ya juya ciyawul ɗin a hannunsa ya ce, “Alhaji, wannan ai na yara ne. Bar cen ɗin yadda yake, ka hau kwana biyu ka gani.” Na ce, “Baba, yanke kawai, ya yi sako-sako.” Ya yanke. Ni da hannuna na wurga guntun cikin kwata.

Asabar muka ɗauki titin Haɗeja da abokai zuwa Gezawa. Tafiya lafiya lau, don iskar hunturu na dukan ƙirji, kowa a hankali yake takawa. A dawowa ne asirina ya tonu. Iska ta koma bayanmu, mutane suka saki jiki, ni kuma na kai giyar ƙarshe tun ba a je ko'ina ba. Ƙafafuna na juyawa kamar fanka, ina tsalle a kan sirdi, keken kuwa ya ce iyakarsa ke nan. Har wani dattijo da buhu a kariya ya jera da ni na ɗan lokaci.

Da dare na yi lissafin da ya kamata in yi kafin in kashe ko kwabo. Siraran tayoyin kwalta da na saka, zagayensu kusan mita biyu ne. Da 32 a gaba da 11 a baya, juyin feda ɗaya bai kai mita shida ba. Ko da juyi 90 kake yi a minti, kilomita 31 ne a awa. Tsohon ciyawul na 42 da na raina yana wuce 40.

Na sake odar mai haƙori 40. Irin waɗannan ba sa zuwa da adadin mara, saboda haƙoran bibbiyu suke tafiya. Da ya iso, cen ya ƙi kaiwa, kuma abin da ya rage masa daidai ƙwaya huɗun nan ne. Na zagaya wurin masu kayan keke, duk wanda aka miƙo mini irin na kekunan gida ne, mai faɗi, ba ya shiga tsakanin giya tara. Mako biyu keke na jingine a zaure kafin in samu na daidai, kuɗinsa kuma sai da ya sa ni yin tsaki.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Ƙusoshin ciyawul huɗun sun yi tsawo tun da yanzu faranti ɗaya suke riƙewa, Baba ya cike da washa. A gurbin tsakiya haƙoran suna neman taɓa ƙarfen firam, dole muka mayar da shi gurbin waje. Saboda haka idan na hau manyan giyoyi biyu na baya cen yana karkacewa yana gurnani, amma sai a kan gada nake buƙatarsu. Cen bai taɓa faɗuwa ba, ko a ramukan unguwarmu, kuma shirun da keken ke yi yanzu yana faranta mini rai.

Na 32 yana rataye a ƙusa a jikin darbejiyar. Baba ya ce zai ajiye shi har Allah ya kawo wani ɗan Jos.