Ramin da furosesa ke zama

Kuskurena na farko a wannan sana'a harafi ɗaya ne tak. A 2022 aka ba ni aikin harhaɗa kwamfutocin tebur guda shida don wani ƙaramin ofis, aka ce in tattala kuɗi, ni kuwa ina ɗokin a ga na iya. Na ajiye furosesa biyu, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, Core i3-12100 da Core i3-12100F, gefe da gefe, na ga ƙwayoyi (ƙananan sassan da ke yin lissafi a cikinsa) huɗu nan huɗu can, zare (yawan ayyukan da yake ɗauka a lokaci guda) takwas nan takwas can, amma mai F ya fi sauƙin kuɗi. Na ɗauki shida. Da na gama ɗaura ta farko na danna makunni, fanka ta juya, fitila ta kama, allo kuwa baƙi ƙirin. Na zare RAM, ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, na mayar, na canza waya, na canza allon ma. Ina cikin haɗa gumi maigidana ya shigo, ya ɗaga kwalin, ya ɗora yatsa a kan harafin, ya ajiye ya fita. A furosesan Intel, F na nufin babu sashen nuna hoto a ciki, dole sai an saka katin hoto na daban. Rarar da nake murnar na samu ba ta isa sayen ko da mafi arahar katin ba.

An canza mana biyar, ɗaya ya rage a hannunmu. Tun daga ranar na daina kallon farashin furosesa shi kaɗai. Abin da mutum ke saye a zahiri tarkace ne guda huɗu da ba sa rabuwa: furosesan, madabod, wato babban allon lantarki da zai zauna a kai, irin RAM ɗin da madabod ɗin ke karɓa, da kuma hanyar fitar da hoto. Idan ba a haɗa kuɗin huɗun nan wuri ɗaya ba, cinikin biri a sama ake yi. A farkon 2023 idan ka jera Ryzen 5 5600 da Core i5-12400F da Ryzen 5 7600, duka ƙwayoyi shida ne da zare goma sha biyu, kuma tazarar kuɗinsu ba ta firgita mutum ba. Amma 7600 sai soket AM5, soket kuwa shi ne ramin da furosesa ke zama a madabod, kuma AM5 ba ta san RAM irin DDR4 ba sam, sai sabuwar DDR5, wadda a lokacin take da ɗan karen tsada. Na 12400F kuma yana iya tafiya da kowace, sai dai madabod ɗin ne zai zaɓa maka ɗaya tun ranar saye, ba a haɗa biyun a madabod guda. To ka ga bambancin da ke ɓoye a bayan kwalin.

Batun gudu ya fi ɗaukar mini lokaci kafin in gane shi. Da farko lambar gigahaz nake bi, wato yawan bugun furosesa a daƙiƙa, daga baya na koma ƙirga ƙwayoyi, duka biyun kuma sun yaudare ni. Ƙaramin i3-12100 mai ƙwayoyi huɗu yana barin Ryzen 5 1600 na 2017 mai ƙwayoyi shida a baya a yawancin aikin yau da kullum, domin kowace ƙwayarsa tana gama aiki mai yawa a bugu ɗaya fiye da ta tsohon. Buɗe shafin intanet, lissafin Excel, rubutu, duk sun fi dogara ga ƙarfin ƙwaya ɗaya. Sai an zo tace bidiyo ko matse manyan fayiloli ne yawan ƙwayoyi ke nuna kansa.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne Ryzen 5 5500 da 5600. Suna kusa, ƙwayoyi ɗaya, soket ɗaya, duk wanda ya gan su zai ce wa ne da ƙane. Amma ɗan rumbun ajiyar gaggawa da ke jikin furosesa, wanda ake kira L3, a 5500 megabait 16 ne, a 5600 kuwa 32. Sannan a hanyar da ke haɗa furosesa da katin hoto, 5500 ya tsaya a PCIe 3.0, ɗan uwansa yana kaiwa 4.0. A teburin akawu ba wanda zai taɓa jin wannan bambanci ko da zai shekara goma yana aiki. A wurin mai buga wasanni kuwa ana ganinsa, musamman idan aka haɗa shi da kati irin Radeon RX 6500 XT mai layuka huɗu kacal, wanda ƙuncin PCIe 3.0 ke shaƙe masa wuya. Abu ɗaya, a nan riba, a can asara. Shi ya sa yanzu idan aka tambaye ni wanne ya fi, sai in mayar da tambaya: me za a yi da ita?

Akwai kuma gudun da mu masu harhaɗawa ke zubarwa da hannunmu, sannan mu ɗora wa furosesa laifi. Na taɓa ɗaura Ryzen 5 5600G da RAM sanda ɗaya mai gigabait 16, ina ganin na yi dabara, na bar gurbi don gaba. Sashen hoton da ke cikin 5600G ba shi da ma'ajiyar kansa, daga RAM ɗin kwamfuta yake ɗiba, kuma sanda ɗaya hanya ɗaya ce, sanduna biyu hanya biyu. Da na canza zuwa biyu masu takwas-takwas, sai ka ce wata kwamfuta aka kawo. Haka nan RAM da aka rubuta 3200 a jikinta, sau da yawa idan ba ka shiga BIOS, manhajar saiti ta madabod, ka kunna XMP mai sakar mata cikakken gudu ba, a ƙasa da haka za ta yi ta tafiya ba tare da ta ce uffan ba.

Inda ra'ayina ya fi jujjuyawa shi ne maganar gaba, wato ko za a iya ɗaga kwamfutar bayan shekaru ba tare da an zubar da komai ba. Kowa na kawo misalin soket AM4 na AMD, kamfanin da ke yin Ryzen, kuma ba ƙarya suke ba. Ryzen na farko ya fito a Maris 2017 a kan wannan soket, aka yi ta zuba sababbi har 5800X3D a 2022 da 5700X3D a farkon 2024. Amma hanyar ba sumul take ba kamar yadda ake ba da labarinta yanzu. A 2020 AMD ta fara cewa jerin Ryzen 5000 ba zai hau madabod ɗin B450 da X470 ba, sai da masu saye suka yi ca sannan ta janye. Masu B350 da X370 kuwa sai 2022 aka buɗe musu ƙofa. A ɓangaren Intel, soket LGA1200 zubin furosesa biyu kawai ya ɗauka, na 10 da na 11; LGA1700 ya ɗauki uku, daga na 12 zuwa na 14, sannan LGA1851 ya karɓi wurin a Oktoba 2024. AMD ta ce za ta riƙe AM5 har 2027 ko fiye.

Na daɗe ina sayar wa mutane wannan labari da zafi, har sai da na zauna na tuna kwamfutocin da suka ratsa hannuna. Gaskiyar magana, 'yan kaɗan ne aka taɓa dawo da su don a canza musu furosesa. Abin da ake dawowa nema shi ne ƙarin RAM, ko a cire tsohon faifai mai juyawa a saka SSD, ma'ajiyar fayiloli mai sauri, wanda shi kaɗai yakan farfaɗo da kwamfutar da aka riga aka yi wa ta'aziyya. Na fara zargin kaina da sa mutane biyan kuɗin gobe da ba za ta zo ba.

Sai Windows 11 ta zo ta gyara mini zama. Jerin furosesan da Microsoft ta amince da su ya fara ne daga zubi na 8 na Intel da jerin Ryzen 2000, kuma an tsayar da 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar da tallafin Windows 10 zai ƙare. Akwai kwamfutocin da maigidana ya harhaɗa a 2017, tun kafin in zo, wasu da Ryzen 5 1600 a kan B350, wasu da Core i5 na zubi na 7. Duka biyun sun faɗo waje da jerin. Na Ryzen, muka sabunta BIOS, muka zare tsohon muka dasa 5600, muka kunna TPM, sashen tsaro da Windows 11 ke buƙata, madabod da RAM da akwati duk suna nan. Na Intel kuwa ba yadda za a yi, domin ko da yake zubi na 8 ma LGA1151 ake kiran soket ɗinsa, ba ya aiki a kan madabod ɗin zubi na 6 da na 7. Sai dai a sauya madabod ɗin gaba ɗaya. Babu wanda ya hango wannan a 2017, har shi maigidan, da na tambaye shi dariya kawai ya yi ya ce sa'a ce.

A wannan aikin ne na koyi wasu ƙananan abubuwa da ba a rubuta su a kwali. BIOS ake fara sabuntawa tun tsohon furosesa yana ciki, in ba haka ba ka dasa sabo allo ya ƙi tashi, sai fa idan madabod ɗin na da maɓallin da ke sabunta shi ba furosesa. Wasu tsofaffin alluna kuma ma'ajiyar BIOS ɗinsu ƙarama ce, da zarar sun koyi sababbin furosesa sai su manta da wasu tsofaffin, komawa baya ya zama aiki. Sannan soket ya karɓa daban, madabod ya iya ɗauka daban. Mafi arahar madabod na A320 ko H610 sashensu na daidaita wuta ba shi da ƙwari sosai. Ka ɗora musu babban furosesa mai jan wuta, su yi zafi, su rage masa gudu. Wanda ya tsuke hannu a madabod ya riga ya rufe rabin ƙofar da yake taƙama da ita.

Yanzu kafin in rubuta wa kowa jerin kaya, ina tambayarsa ko shi mutum ne mai buɗe akwatin kwamfuta. Idan ɗalibi ne ko mai wasa da zai tara kuɗi ya dawo, ina tura shi AM5 da madabod mai ɗan nauyi, ko da furosesan ƙarami ne. Idan ofis ne da za su kunna ta su manta da ita har ta mutu, ina ba su abin da ya fi araha a dunƙule, mai sashen hoto a ciki, da RAM sanduna biyu da SSD, ba na ko ambatar soket.

Waɗancan shida na farko har yanzu suna aiki, ɗaya ce kawai aka ƙara wa RAM. Shi kuwa mai F ɗin da ya rage, yana kan teburin gwajinmu da wani tsohon katin hoto, da shi muke gwada madabod ɗin LGA1700 idan an kawo gyara. Maigidana bai yar da kwalin ba, yana nan a saman kanta, kuma duk sabon yaron da ya zo koyo shi ake fara miƙa masa a ce ya karanta abin da ke jiki.