Yadda New Order suka koma kiɗan na'ura

Bayan rasuwar mawaƙinsu Ian Curtis a 1980, sauran 'yan ƙungiyar kiɗa ta Joy Division na Mancesta, Ingila, suka ɗauki sunan New Order, suka jawo Gillian Gilbert kan kibod. Jita da ganga suka fara ja baya.

A 1983 suka fitar da waƙar "Blue Monday". Na'urar Oberheim DMX ce ke buga gangar, bugu wajen 130 a minti, kibod ɗin Moog Source kuma na riƙe da sautin ƙasa, wato bas. Abin da ya fi burge ni shi ne Peter Hook, makaɗin bas ɗinsu, bai ajiye jitar bas ba. Can sama yake kaɗa ta, inda muryarta ke siriri, sai ta zama launin waƙa, ba ta cin karo da Moog.

Nan ne samarinmu na situdiyon Damagaram ke yawan tuntuɓe. Sai a jibga bas biyu wuri ɗaya, sifika ta riƙa gurnani, kalangu ya ɓace. Ka bar ƙasa ga guda ɗaya, ka ɗaga ɗayan da okteb, wato sautin nan dai amma a hawa na sama. Kuma ka tsayar da saurin bugu kafin mai gurmi ya zauna gaban makirfo, don in ka canza daga baya mai yiwuwa sai an sake ɗauka.