Godiya ga waɗanda suka raya zaman tarihin Nat Pendleton

Assalamu alaikum. Mu da muka shirya zaman ranar Asabar kan rayuwar Nat Pendleton, ɗan kokawar Amurka da ya koma wasan barkwanci a fim, muna miƙa godiya ga duk wanda ya taka ƙafa ya zo. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Godiya ta farko ga Malam da ya warware mana tarihin. An haifi Pendleton a garin Davenport na jihar Iowa a 1895, ya yi karatu a Jami'ar Columbia, kuma a can ya yi suna a kokawa. A gasar Olamfik ta 1920 a birnin Antwerp na ƙasar Beljiyam ya ci lambar azurfa a ajin masu nauyi, bayan Robert Roth na Suwizalan ya yi nasara a kansa. Malam ya kyauta da ya tsaya ya bambance mana dokoki: a kokawarmu ta gida da an kai mutum ƙasa magana ta ƙare, a tasu kuwa ana ci gaba a kan tabarma har sai an danne kafaɗu biyu. Daga baya masu fim suka riƙa ba shi matsayin ƙato mai ƙarancin wayo: ɗan sanda, direban motar asibiti, saje a soja. Ya fito tare da 'yan barkwancin nan Marx Brothers, ya kuma fito tare da Abbott da Costello a fim ɗin Buck Privates na 1941. Ya rasu a San Diego a 1967. Mai digiri ne yake wasan dolo, kuma dolancin nan aiki ne da ake koyo.

Wannan ne ma ya sa godiyarmu ta fi yawa ga koci da yaransa biyu, da suka nuna yadda ƙato ke faɗuwa ba tare da ya ji ciwo ba. Mai koyo yakan fara daga tsugune. Ya manna haɓa a ƙirji, ya sauka a kan faɗin bayansa na sama, ya buga tafukan hannu biyu a katifa lokaci guda da saukar, yana fitar da numfashi. Wanda ya tokare da hannu, nauyinsa duka zai taru a wuyan hannu, nan karaya take. Wanda ya saki wuya, ƙeyarsa ce za ta bugu. Wanda ya sauka da kwankwaso zai kwana biyu yana ɗingishi, wanda ya riƙe numfashi kuma sai ya sarƙe masa.

Abin dariyar yana cikin jinkiri. In an kai naushi, ƙaton ba ya zubewa nan take. Yakan tsaya kamar ƙirga biyu, ido ya juya, gwiwa ta saki, sannan ya kife. Naushin kansa ba ya taɓa fuska, yana wucewa ne da tazarar kamar taƙi guda, kyamara tana bayan kafaɗar ɗayansu, ƙarar kuma daga baya ake sa ta. Da aka matsar da kyamarar gefe don gwaji, kowa ya ga giɓin, zauren ya kwashe da dariya.

Hajiya ma'aikaciyar jinya, mun gode da bayanin kunnen 'yan kokawa. Gogayya ce ke sa jini ya taru tsakanin guringuntsi da fatar da ke ciyar da shi. In ba a zuƙe shi a asibiti da wuri an ɗaure da matsi ba, sai ya daskare, kunnen ya dunƙule har abada. Kada kowa ya huda a gida.

Ga wanda ya ara mana majigi da janareta, da iyayenmu mata da suka kawo zoɓo, Allah ya ƙara buɗi. Muna ba waɗanda suka rasa kujera haƙuri.

Ƙannenmu da suka kalla, don Allah kada a gwada faɗuwar nan a kan siminti ko katifar kwana. Ta wasa ta fi tauri, kuma sai an liƙe tsakanin kowace biyu don kada yatsan ƙafa ya maƙale. Katifun da aka aro za a mayar da su ranar Litinin bayan la'asar, muna neman mutum huɗu da za su taya lodi.