Direba da waya a hannu, hanyar Maigatari

Ranar Alhamis na shiga Golf daga Gumel zuwa kasuwar Maigatari, mu huɗu a baya biyu a gaba kamar yadda aka saba, direban nan tun daga tasha wayarsa ba ta huta ba. Da farko kira ne yana rigima da wani kan kuɗin buhunan riɗi, daga baya kuma ya koma WhatsApp yana danne-danne, hannu ɗaya a sitiyari ido a ƙasa, wallahi saura ƙiris mu kwashi amalanken shanu da yara biyu a kai.

Wata dattijuwa ce ta fara magana, ta ce ɗan nan ka ji tsoron Allah, rayuka ka ɗauko. Ya ce Baba kwantar da hankalinki shekara goma ina tuƙi. Mu maza kuwa muka yi shiru saboda kunya, abin har yanzu yana damuna.

Ku lissafa fa, mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 duk daƙiƙa ɗaya, in ka kalli waya daƙiƙa uku ka wuce mita 80 kamar makaho, a hanyar da awaki da masu babur ke faɗowa ba sallama.

Da muka sauka na rubuta lambar motar na kai wa shugaban tasha, ya ce zai ja masa kunne. Amsa waya kana tuƙi laifi ne a doka, kuma 'yan Road Safety suna da layin kyauta 122, na ajiye shi a wayata, in na sake gani su zan kira.